Korau da Motar Yaya Dije

A Rafin Kanya akwai wani gida mai mutum uku: Yaya Dije, ungozoma a asibitin birni, Kawu Nomau, tsohon direba da ciwon gwiwa ya zaunar, sai ƙanenta Korau, ƙato mai gemu, wanda in ka ce masa ya tsaya nan, to nan za ka same shi gobe. Dije ta gaji da jiran motar haya a bakin titi kullum, ta sayar da bijimanta biyu don ta sayi tsohuwar mota. Bijiman nan su ne duk abin da ta tara a duniya. Da yake ita tana wurin aiki, Korau aka riƙa aikawa neman motar.

Wata rana Kawu ya ce, "Korau, kada dillali ya ga kana so. Duk abin da ya nuna maka, kushe shi." Korau ya je ya kushe taya, ya kushe kujeru, ya kushe shayin da aka ba shi. Dillalin ya yi dariya, hira ta yi daɗi, har ya zaro waya ya nuna masa hoton jaririn da aka haifa masa. Korau ya ƙura ido ya ce, "Wannan ya sha wuya. Ba zai yi ƙarko ba." Da gudu ya tsira, hularsa ma sai yara suka kawo.

Wata rana kuma Kawu ya ce, "Ka shiga ƙarƙashin motar, kada ka fito sai ka ga inda mai yake ɗiga." Korau ya samu wata jar mota, ya kwanta ƙarƙashinta tun hantsi. Azahar ta yi, ko ɗigo. Mai motar ya leƙo ya ce, "Malam, lafiya?" Korau ya ce, "Jira nake." Da la'asar wani ya zo ya biya, ya ja motar, aka bar Korau kwance yana kallon sama.

"Mota mai lafiya ka bari ta tafi!" in ji Dije, ta ɗora hannu a ka.

"Yaya, ai ita ce ta ƙi ɗiga."

Daga nan Kawu ya ɗauki sandarsa ya ce da kansa zai je, ya tafi da Korau. A ƙauyen gaba, gidan Alhaji Sidi, suka ga wata shuɗiyar mota da rana tsaka, tana tashi da murɗa ɗaya. Kawu ya saurari injin, ya gyaɗa kai, aka yi ciniki. Ya ce wa Korau, "Gobe kana sallame asuba ka kama hanya, kada wani ya riga mu."

Liman na yin sallama Korau ya miƙe ya kama hanya. Bai tsaya takalmi ba, bai koma gida ɗaukar kuɗin ba. Dije ta hango shi daga ƙofar gida, ta bi shi da kira har muryarta ta dushe.

Gari bai gama wayewa ba ya isa. Sai ga shuɗiyar mota a kan gangare, Alhaji Sidi a ciki yana ihu, "Ku tura! Ku ƙara!" ƙarti huɗu na nishi a bayanta. Ashe haka ake tayar da ita kowace safiya, a bar injin ya yi zafi kafin masu saye su zo. Sai Alhaji ya hango Korau.

Korau ya gaishe shi da ladabi, ya kama musu turin har ta tashi, sannan ya dawo gida ya samu Dije da Kawu a zaure suna shan koko, suna jiran su wanke shi da faɗa.

"Yaya, motar na nan, ba wanda ya riga mu," in ji shi. "Sai dai na tambayi Alhaji ko da mutum huɗun ake sayarwa, ya ce a'a. Ni ɗaya kuwa ba zan iya tura ki har birni kullum ba."

Dije ta dubi Kawu. Kawu ya dubi sandarsa. Ta tashi ta mayar da jakar kuɗinta cikin akwati, ta ce, "Kawu, a ba shi kokon da ya fi yawa."