Ranar da Na Ƙirga wa Farfesa Masu Ambatonsa

Ba zan taɓa mantawa da walimar da manoman Kura suka shirya wa Farfesa ba, ko da kuwa na so in manta. Farfesa ɗan garinmu ne, masanin tattalin arziki, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bincike a kan farashin tumatir da noman rani. Ni kuma lokacin ina digiri na biyu a fannin nasa, ina ta neman hanyar da zai san da zamana a duniya.

Kawu Sale, shugaban ƙungiyar manoman, shi ya kira ni a waya ya ce, "Kai za ka karanta saiteshin ɗin Farfesa, tunda kai ne ɗan bokonmu."

To, a sashenmu na jami'a saiteshin abu ɗaya yake nufi: sau nawa wasu masana suka ambaci aikinka a nasu rubutun. Da shi ake auna nauyin mai bincike, da shi da yawan waɗanda ya yi aikin haɗin gwiwa da su. Na ɗan yi mamakin yadda manoman shinkafa suka damu da wannan, amma sai na ce a raina lallai garinmu ya ci gaba. (Ban san cewa a wajen biki saiteshin tarihin mutum ne kawai ba, inda aka haife shi da makarantun da ya yi da ɗan kirari.) Na duƙufa a intanet, na tattaro komai, har da zane mai kama da saƙar gizo-gizo da ke nuna abokan aikinsa.

Ranar walima an kafa rumfuna a filin da ke gefen kanal, wato magudanar ruwan noman rani. Ga masu injinan casa, ga dillalan albasa, ga baƙi daga Bunkure da Kadawa. Na karɓi lasifika na fara bayanin cewa darajar masani tana ga yawan masu ambatonsa. Jama'a suka yi tsit, na ɗauka ilimi ne yake ratsa su. Kawu yana ta yi mini alama da hannu, na zaci cewa yake in ɗaga murya, sai na ɗaga. Na ɗaga zanen ma, wani a baya ya tambayi na kusa da shi ko taswirar sabon kanal ce.

Can wani dattijo ya miƙe ya ce, "Ɗana, wannan ambaton, da alheri ake yi ko da sharri?"

Na ce masa ai duk ɗaya ne, ko ƙaryata shi aka yi, lissafin hawa yake. Wurin ya ɗauki guna-guni. Na ji ana salati ƙasa-ƙasa, wata murya tana tambayar su waye suke ƙaryata Farfesa, kuma me ya yi musu. A nan na fara rikicewa, don na kasa gane inda na kauce. Dattijon bai zauna ba, ya ce to a faɗa musu wanda ya fi kowa ambatonsa, su san masoyinsu.

Na duba takardata da sauri. Sunan da ke sama an rubuta shi irin na mujallun masana, sunan mahaifi a gaba, sai haruffa biyu. Na karanta shi da ƙarfi, na ƙara da cewa wannan bawan Allah ya yi wa kowa fintinkau, kusan ba ya rubutu sai ya ambaci Farfesa. Sai da na rufe baki na ji sunan ya dawo mini a kunne. Sunan Farfesa ne.

Kawu ya cire hula ya rufe fuska da ita.

Farfesa ya taso a hankali, ya karɓi lasifikar daga hannuna (ban ma iya sakinta da wuri ba). Ya ce, "Yaron nan bai yi ƙarya ba. Na daɗe ina rubutu a kan tumatirin Kadawa ba mai kula ni. In ban ambaci kaina ba, wa zai ambace ni?"

Aka kwashe da dariya har da masu riƙe ciki. Daga nan ya ba da tarihinsa da bakinsa, tun daga firamare, ni kuwa ina tsaye a gefe da zanena, na rasa ko in zauna ko in gudu. Da aka tashi ya dafa kafaɗata ya tambayi sunana. Na faɗa, ya ce ba zai manta ba. Har yau ban san ta wace fuska yake nufi ba.

Tun daga ranar, duk wanda ya ba ni aiki da kalmar Turanci, sai na ce ya maimaita mini da Hausa. Ko Bature ne.