Doguwar Lasifikar Injiniya Gigita

A jinjina wa Injiniya Gigita, gwanin da ya naɗa kansa injiniya ranar da ya sayi sukudireba ta biyu. Shagonsa na hayar lasifika bai fi banɗaki girma ba, amma allon sunansa ya toshe tagar maƙwabci. Ko cefane zai je, sai da waya naɗe a wuyansa, don kada a ɗauke shi gama-garin mutum.

Da ya ji sabon zauren taro na neman wanda zai riƙe masa aikin sauti dindindin, ya buga ƙirji ya ce nasa ne. Sai dai abokin takararsa yana da irin lasifikokin nan da ake jerawa ɗaya bisa ɗaya, tsayin ƙato. Nasa kuwa ba su kai rabi ba. Nan basira ta sauko masa. Ya kira ƙanin matarsa, kafinta, ya ce a ƙera akwati har rufi, a warwatsa lasifikokinsa ciki, a bar tazarar da kyanwa za ta miƙe ƙafa tsakanin kowacce da 'yar'uwarta.

"Yaya, haka nesa-nesa?"

"Sauti babban mutum ne, ba ya son cunkoso. Kai dai buga ƙusa."

Kaico, sauti bai san girman Injiniya ba. Mai kauri yana da haƙuri, ko an raba lasifikokin yakan haɗu ya tafi tare. Siririn sauti, wanda shi ke fayyace magana, ba ya yafe tazara. Na lasifikar sama da na ta ƙasa ba sa isa kunne lokaci guda, sai su kashe juna a wannan kujera, su taru su soki kunnen na kujerar gaba.

Ranar gwaji Gigita ya zo da kwat, ya zaunar da shugaban zauren a kujerar da ya zaɓa masa da kansa, inda dogon akwatin ya fi cika ido. Ya karɓi makirufo.

"Ranka ya daɗe, yau za ka ji abin da ƙwaƙwalwa ke haifarwa. Wasu sayowa suke yi, ni ƙirƙira nake yi!"

Ya kawo tarihinsa tun daga yaye. Wata mata a gefe ta toshe kunne da mayafi. Na bayanta suna kallon bakinsa yana motsi, ba sa jin komai sai gum-gum. Shi ko ya ɗauka kwarjini ne ya kama su, har da ɗaga yatsa sama.

Ya gama yana haƙi, ya rusuna yana jiran tafi. Shugaba ya duba agogo, ya yafito shi da fara'a.

"Injiniya, janaretan naka ya cika ƙugi. Kashe shi, ka kunna lasifikar mu ji, ɗayan mutumin yana jira a waje."