Madubin da Na Sa wa Keken Malam

Shekara arba'in da bakwai ina hawa bayan keken Malam, sau biyu ya manta da ni a hanya. Na farkon na yafe. Na biyun ne har yau in na tuna sai na ajiye abin da ke hannuna na yi dariya.

Tsakanin garinmu da Tudun Gaude akwai busasshen rafi, yashi har idon sawu, keke ba ya ratsa shi da mutum a kai. Tun muna da ƙuruciya ga yadda muke yi: in mun iso sai mu sauka, ya tura keke, in bi shi a baya. In an haye ya hau, ya tokare ƙafa ɗaya, ya ɗan jira in zauna a kariya, sannan ya taka. Ni ba na magana a kan keke, ban ga amfanin buɗe baki iska tana shiga ba. Shi kuwa tun daga ƙofar gida yake zuba, daga tsadar taki zuwa limamin da ke jan sura, kuma ba amsa yake nema ba. Ga ni ba jiki, hawana da saukata duk ɗaya ne a wajen feda.

To, wata ranar kasuwa na tsaya cire ƙaya a bakin rafin. Malam ya jira daidai jiran da ya saba, ya taka abinsa. Sunansa dai bai taɓa fita daga bakina ba, ba kuma a gaban 'yan kasuwa zan fara ba. Na ce, "Malam!" Maza huɗu suka waiwayo, har da wani mai jaki, ban da nawa. Ranar da ƙafa na isa kasuwa, na tarar da shi yana tambayar masu daddawa ko sun ga inda na shiga.

Bayan wata biyu jikata Lantana ta haihu a Tudun Gaude, mace, aka aiko cewa sunana za a sa mata. Tattaɓa-kunnena ta farko ke nan. Dangin mijin kuwa mutanen birni ne, masu kallon mutum tun daga takalmi. Na ce wallahi ba zan shiga gidan sunan takwarata da ƙura har gwiwa, bayan an watse, ana cewa ga tsohuwar da mijinta ya zubar a hanya ba. Na tasa Malam a gaba har rumfar Nomau mai faci.

Na ce, "Nomau, madubi nake so a sa wa keken nan."

Malam ya ce, "Ke dai kin cika rigima. Wuyana lafiyarsa ƙalau, in ina son ganin baya sai in waiwaya."

Na ce, "Yaushe rabonka da waiwaya?"

Nomau ya danne dariya, ya zazzage kwali a kan tabarma. Ya ɗauko wani ɗan zagaye mai tudu kamar bayan cokali. Ya ce, "Iya, wannan shi ake yayi. Yana kwaso hanya gaba ɗaya, sai dai komai yana fitowa ƙarami, kamar yana nesa."

Na leƙa. Na ga kaina kamar ƙudan zuma ya ɗaura ɗankwali. Na ce, "Mutumin da bai gan ni ba ina da girmana, shi za ka ba madubin da ke rage ni? Ajiye."

Ya ɗauko wani mai jan baki da furannin roba. Nan take idon Malam ya yi haske, ya ce, "Kai, wannan ya yi kyau!"

Na ce, "Keken ango ne? Ajiye."

Daga ƙasan kwalin na zaro wani shimfiɗaɗɗe mai faɗin tafin hannu da dogon wuya, ba ado ba komai. Na duba, na ga fuskata yadda Allah ya yi ta. Na ce wannan. Nomau ya ce a hagu ake ɗaurawa, don ta nan motoci ke fitowa. Na ce, "Motoci su ji da kansu. A hagun dai za ka sa, don ta nan ƙafafuna suke."

Ya yanko tsohuwar robar tif ya naɗa a kan keken don kada ƙarfen ya riƙa zamewa, ya ɗora, ya ɗaure noti da sifana. Na ce ba a gama ba. Na sa Malam ya hau, ni ma na haye kariya a tsakiyar kasuwa, mutane na kallo, ban damu ba.

"Kana ganina?"

"Ina ganin rumfar mai nama."

"Nomau, karkato shi. Yanzu fa?"

"Ina ganin kafaɗarki da rabin fuskarki. A ɗaure take."

"Haka za ka riƙa ganinta. Nomau, ɗaure."

Nomau ya ce wuyan ya ɗauru, amma kan madubin dole ya riƙa juyawa, haka aka ƙera shi. Na so a ɗaure shi da waya ya mutu a wurin. Malam ya ce haba, a bar masa ko da wannan. Na bari. Kuskurena ke nan.

Abin da ban lissafa ba shi ne gemu. Malam yana da gemu har ƙirji, kuma saboda sunan nan ya sa masa lalle, ya fito jawur kamar gashin masara. A gidanmu madubi ɗaya ne, nawa, yana cikin adaka. Mutumin da ya shekara saba'in yana duba fuskarsa a ruwan buta, yau ga madubi a gaban hancinsa. Kwana uku ina ganinsa a zaure yana goge keken da ba ya da datti.

Ranar suna muka fita da hantsi, na ci ado, ƙullin yajin jego a cinyata. Muka iso rafi, muka sauka, muka haye. Na ce bari in gwada kayana. Na tsaya ina kakkaɓe yashi daga takalmi, da gangan, ina kallonsa. Ya hau. Ya tokare ƙafa. Ya dubi madubi, har ya daɗe yana dubawa, na ce a raina yawwa, kuɗina sun yi amfani. Sai na ga ya shafa gemu, ya gyara hula, ya yi murmushi, ya taka.

Na tsaya riƙe da takalmi ɗaya. Ban ko ce Malam ba.

Allah ya taimake ni, ga a-kori-kura ta 'yan tumatir ta fito daga rafin. Direban ya san ni, ya ce, "Iya, lafiya kike tsaye nan da kwalliya?" Na ce Tudun Gaude za ni. Ya ba ni gaba. Ba mu yi nisa ba muka cim ma Malam, yana tafe a hankali, ido a madubi, baki na motsi, yana yi wa kariya bayanin yadda ake kwaɓa lalle.

Direba ya ce, "Ai ga Baba can! In tsaya?"

Na ce, "Wuce. Kada ka katse musu hira."

Na isa tun ba a gama raba goro ba. Aka shimfiɗa mini tabarma a ƙofar ɗakin mai jego, aka miƙo mini takwarata, na rungume ta. Matan birni suka zo suna gaishe ni ɗaya bayan ɗaya, takalmina fes. Har na sha kunu na sa a ƙaro.

Can sai ga ƙararrawar keke a ƙofar gida. Ta zaure muna jin muryarsa yana cewa, "To, sauka a hankali, kada ki zubar da yajin." Sai kuma, "Innalillahi!" Ya faɗo cikin gida ba ko sallama, hula a karkace, yana cewa a taimaka a koma rafi. Ya yi turus da ya gan ni da jaririya a hannu.

"Ke! Ta ina kika biyo?"

"Ta gabanka."

Mata suka fara toshe baki da mayafi. Malam ya ga idanu sun yi yawa, sai ya juya laifin. Ya ce, "Wannan madubin da kika zaɓa ba shi da kyau, gobe zan mayar wa Nomau. Wallahi tun daga rafi idona bai bar kansa ba, amma ko sau ɗaya bai nuna mini babu ke ba!"

Na gyara wa takwarata kwanciya, na ce, "Kada ka ɗauki alhakin madubi, Malam. Abin da kake tsoron ya ɓace maka a hanya shi ka saita a ciki, ga shi kuwa gemun ya iso lafiya."