Kwaɗon Ganyen Dankali a Gaban Kansila

Ko da zan manta sunan makarantarmu da ke Barnawa, ba zan taɓa mantawa da ranar da na ciyar da kansila abincin akuyarmu ba.

Lokacin soja ba su daɗe da komawa bariki ba, kowa a gari ya zama mai jawabi. Ni ma ina aji biyar na sakandare, na ƙudurta sai an ji muryata. Sai ga dama: makaranta za ta zaɓi ɗaliba ɗaya da za ta wakilce ta a gasar abinci mai gina jiki, kuma sabon kansilanmu ne zai ɗanɗana. Kowa ya san Blessing, 'yar ajinmu, ce za ta ci, don uwarta na da shagon abinci a Kakuri. Ni kuwa na rantse ko da tsiya sai na kayar da ita.

Malama Rifkatu, mai koyar da mu kimiyyar abinci, ita ta ba ni makami ba ta sani ba. Ta ce ganyen dankalin nan da muke zuba wa dabbobi cike yake da bitamin da sinadarin ƙara jini, ga wasu sinadarai da ake kira antioksidan, masu kare jiki daga lalacewa kamar yadda fenti ke hana ƙarfe tsatsa. Daga nan ban ƙara jin komai ba. Ta ci gaba da bayani, ni kuwa tuni ina bisa dandamali a zuciyata, ana tafa mini (har na zaɓi ɗankwalin da zan ɗaura).

Matsalar farko ita ce akuyar Inna. Inna kan sayo mata damin ganyen daga masu lambu a bakin kogi, to sai na fara raba dami da ita. Akuyar ta daina gaishe ni. Inna ta ce ita dai ba ta haifi mai cin harawa ba, in na fara kuka "mee" kada in neme ta. Ban kula ba. Na haddace jawabina, ina yi wa madubi, ina yi wa buta.

Ranar gasa na yi kwaɗo yadda na ga ana yin na rama. Na jefa kanwa (wadda za ta ishi unguwa guda), na bar ganyen ya tafasa har ya yi laushi kamar tsumma, na tace, na matse, na sake wankewa, na sake matsewa. Koren ruwan na juye a kwanon akuya don mu shirya. Na zuba ƙuli-ƙuli, na rufe, na tafi ina taku ɗai-ɗai.

Jawabina ya yi kyau, wallahi. Na ambaci antioksidan har sai da kalmar ta gaji. Kansila, cikin babbar riga mai sitaci, yana ta gyaɗa kai. Sai ya buɗe kwano ya sa cokali.

Ashe ganyen dankali yana da yauƙi, kanwa kuma ta ƙara masa ƙarfin gwiwa. Ya ɗaga cokali, abin ya biyo shi. Ya ƙara ɗagawa, ya ƙara biyo shi, baƙi wuluk, kamar ba sa son rabuwa. Da yake mutum ne mai neman ƙuri'a, ya rufe ido ya kai baki. Ya daɗe yana tauna. Rabin ya sauka a gaban rigar.

Malama Rifkatu ta matso ta tambaye ni a hankali yadda na dafa. Ni kuwa na karɓi makirufo (wa ya aike ni?) na zayyana komai da alfahari, har da matsa ta biyu.

"Ruwan fa, Hadiza?"

"Na ba akuya, Malama."

"To, ranka ya daɗe," in ji ta, "wadda ta ci gasar tana gida a ɗaure. Duk abin da yarinyar nan ta lissafa yana cikinta."

Har mai gadi sai da ya riƙe ƙofa don dariya. Sai a lokacin na ji rabin darasin da na tsallake: ba a sa masa kanwa, ba a daɗe ana dafa shi, ba a zubar da ruwansa. Blessing aka zaɓa ta tafi babbar gasar. Ni na koma gida da sabon suna, Sinadari, wanda ya bi ni har na gama makaranta.

Amma ban saki ba. Asabar ɗin nan na sake raba dami da akuya. Na soya albasa da tattasai a ɗan manja, na zuba ganyen, yana yin laushi na sauke, korensa shar. Inna ta ɗanɗana da bakin cokali kamar mai shan magani, sannan ta turo mini kwanonta don ƙari ba tare da ta dube ni ba.

Tun daga ranar, in malami na magana, nakan bari ya kai aya kafin in fara zaɓen ɗankwali. Akuyar kuwa ta yi ƙiba a makon gasar, gashinta har sheƙi yake. Daga baya, da Inna ta shiga layin masu cin ganyen, akuyar ce ta rame.