Sabuwar Rayuwar Injiniyan Ƙeya

Rubuta, jikalle. Ki ce duk layinmu ba a taɓa yin mai hangen nesa kamar Injiniyan Ƙeya ba. Mai aski ne, shekara arba'in da ɗaya yana tsaye bayan kujera guda, gaban madubi mai tsaga. Sunan ma shi ya raɗa wa kansa, wai "mai aski" ya yi masa kaɗan. A'a, kar ki ce kakanki ne. Ki ce wani dattijo.

Ran nan sai wani ya ce a rediyo, duk wanda bai zauna ya binciki kansa ya tsara inda rayuwarsa ta dosa ba, yawo kawai yake yi. Injiniya ya tsaya gaban madubi ya binciki kansa, minti uku cif. Bai ga aibi ko ɗaya ba, sai furfura, ita ma ta yi masa kyau.

Amma tsari dole ne. Ya kira jikarsa mai boko, ya ce, "Kawo babbar takarda. Duk abin da ya fito bakina ki rubuta, ko tari na yi. Maganar manya ba a zubar da ita."

Na ɗaya, zai zama mai haƙuri, muddin matarsa ta daina kawar masa da takalmi. Na biyu, zai rage surutu. Bayanin wannan kaɗai ya ci rabin takarda. Na uku, zai yafe wa mai walda na kusa da shi ƙarar da yake damunsa da ita, ranar da ya tashi daga layin.

Sai jikar ta ce, "Kaka, ƙaninka fa?"

To, a nan gizon yake. Injiniya yana da ƙane, mai gyaran keke, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara tara ba sa ga maciji. Almakashin da ubansu ya bari ne ya ɓace a shago, Injiniya ya tara jama'a ya ce ƙanin ne ya ɗauke.

Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Bar wannan. Almakashin ma na gan shi shekara uku ke nan, bayan durowa ya faɗa. Amma yaron da na goya, shi zan je in ce wa na yi kuskure? Rubuta na huɗu, zan riƙa shan ruwa da yawa."

Ki daina dariya, biron zai karkace.

Da safe ya manna takardar jikin bango kusa da madubi. Shi da bai taɓa karanta ko sunansa ba, rubutu a wajensa ado ne kamar zanen labule. Ya manta wasu suna karantawa. Duk wanda ya zauna sai ya sha jawabi.

"Kun ga wannan? Taswirar rayuwata ce. Irinku kuna kwana kuna tashi ne kawai. Ni kuwa na san inda na dosa."

Wani direba yana kan kujera yana karantawa, kafaɗarsa sai rawa take.

"Tsaya wuri ɗaya, kar in tafi da kunnenka."

"Injiniya, tsarin nan ya yi. Musamman tsakanin na uku da na huɗu."

Kan Injiniya ya ƙara girma. Shago ya cika, har masu sanƙo suna layi. Ya koma gida ya gaya wa matarsa duniya ta fara gane shi.

Rana ta huɗu sai ga ƙanin, hannu duk baƙin mai. Bai yi wa kowa sallama ba sai bango. Ya sa tabarau ya karanta tsaf, sannan ya hau kujera.

"Yaya, ɗauko almakashin Baba. Na bayan durowa."

Ruwan nan na lamba huɗu, a lokacin Injiniya ya fi bukatarsa. Ya ɗauko. Ya fara aski. Ƙeyar nan rabonsa da ita tana baƙa wuluk, yanzu ta yi fari fat. Ya sunkuya ya ce wa ƙeyar, "Ka yi haƙuri."

"Me ka ce, Yaya? Ƙarar walda ta hana ni ji."

Sau uku ya sa shi ya maimaita, na ukun har mai waldar ya kashe injinsa ya leƙo.

Da ƙanin zai fita ya shafa kai, ya ce gobe zai zo gida ya gaida matar Yaya. Ya sake duban takardar.

"Na biyun nan na rage surutu, yaushe za a fara shi?"

Shi ke nan. Duk tsarin, abu ɗaya ne ya tabbata, wanda na ce a bari. Wato wanda dattijon ya ce a bari. Ajiye biron, ki karanta min tun daga farko in ji da kunnena.

Me kuma kike rubutawa?