Yadda Za Ka Kare Indararonka Daga Masu Sulhu

Kai yaro, zauna ka saurara. Duk wanda ya bi matakan nan, mai unguwa da lauya ba za su taɓa lanƙwasa shi ba. A wurin Malam Ɗantsoho na Tudun Wada na gan su, wanda indararonsa ke kwarara kan katangar ƙasa da ta raba gidansa da na Malam Istifanus.

1. Ka ɗora wa ruwa laifi

In maƙwabci ya ce katanga na zaizayewa, ka ɗaga kai sama. Ɗantsoho ya tambayi Istifanus ko ya taɓa ganin shi Ɗantsoho ya saukar da ruwan sama. Mutum mai tarbiyya ba ya jayayya da hadari.

2. Ka cinye zaman sulhu da gaisuwa

In mai unguwa ya tara ku a zaure, ka gaida kowa, ka tambayi iyali, awaki, da ciwon ƙafar bara. Kafin a ambaci indararo an kira sallah.

3. Ka kafa shaida da mamata

Ka ce kakanka da kakansa ne suka yarda ruwan ya bi nan. Mamaci ba ya ƙaryata mutum.

4. Ka tuna wa lauya shekarunta

Bahijja, lauya 'yar unguwa, ta ce a sa bututu a juya ruwan zuwa lungu, magana ta ƙare. Istifanus har ya ce shi zai saya. Kul ka karɓa! Ɗantsoho ya ce mata, “'Yar nan, ni da na ci tuwon sunanki za ki koya wa hanyar ruwa?”

5. Ka bar damina ta yi hukunci

Ta kuwa yi. Wata safiya bayan ruwan kwana, katangar ta zube rugum. Ashe ita ce bangon makewayin Ɗantsoho, kuma yana ciki, sabulu har kunne. A ɗaya gefen, matan zumuntar coci ne cike da tsakar gidan Istifanus suna koyon waƙa. Waƙa ta tsaya cak.

Istifanus ya jefa masa zanen matarsa, ya juya baya, ya ce, “Malam, a juya indararon?”

Daga bayan bokiti aka ce, “A juya.”

Gargaɗi

Ni dai faɗa na yi, ban aike ka ba. In ka bi, katanga ta fallasa ka, kada ka zo ƙofata. Kafin ka fara, leƙa ka ga me ke jingine da bangon ta ɓangarenka.