Garmar Mato da Allon Kwamiti

Jama'a, ku taya ni murna, na zama ƙwararriya a harkar shugabanci. Alhamis ɗin makon jiya aka yi min a Rano, har da takardar shaida mai ado a gefe. Yanzu haka da ita nake rufe bakin tulu, ta kuwa yi daidai.

Aiko mana aka yi cewa kowace ƙungiyar mata ta turo mutum ɗaya bitar "gina ƙungiya mai ƙwazo". Matan garinmu, can bayan Tarai, suka ce Tani ta je, tunda ta fita takaba kuma bakinta ba ya ciwo. An ce ƙarfe tara. Muka zauna aka yi azahar, aka yi la'asar, sannan muka ji jiniya. Mai Girma Alhaji Za-A-Duba ya shigo, babbar rigarsa tana ƙara kamar ana taka karan dawa, ya ce darasi na farko shi ne mutunta lokaci.

Jummai, wata mai ƙosai daga Rurum da ke kusa da ni, ta taɓa ni. "Yaya Tani, lokacin wa?"

Na ce, "Nasa mana. Mu namu ai kyauta ne."

Darasi na biyu, shugaba ya kusanci jama'a. Yana faɗa 'yan rakiyarsa suna tura mu baya don kar mu tare masa fanka. Na uku, riƙon amana. Tun da aka dawo farar hula aka kuma ƙaddamar da Shari'a, babu kalmar da ta sha wuya a bakin manya kamar amana. Da carbi na bi shi, sau goma sha tara ya faɗa.

Da aka ce mai tambaya, na miƙe. Na ce, "Ranka ya daɗe, kwazazzabon da ya raba mu da hanyar Kibiya fa?"

Ya ce, "Hajiya, an kafa kwamiti."

"Shekara uku ke nan, ranka ya daɗe."

"To za a kafa wanda zai duba shi." Aka tafa. Ni ma na tafa, hannu ai bai san abin kunya ba.

Bari in gaya muku abin da ya tashe ni tsaye. Maigidana Mato, Allah ya jiƙansa, shi ne mai kiran gayya a garinmu shekara ashirin da ɗoriya. Kowace bazara, kafin ruwa ya sauka, sai ya raba goro gida-gida, maza su fito da buhunan yashi da duwatsu da azara su gyara mashigin nan. Bai taɓa zuwa bita ba. Amma na zauna da shi, na ga yadda yake yi.

Ba ya sa gayya ranar kasuwa, don ya san abin da ke cikin aljihun mutanensa. Shi ne farkon zuwa, kuma inda ƙasa ta fi tauri nan yake kafa garmarsa. Rago ba ya zaginsa, sai ya sa shi tsakanin ƙarfafa biyu, kunya ta yi sauran aikin. In ya ce fura za ta iso da hantsi, to ko ni zan mutu sai ta iso da hantsi. Ba ya kai ludayi baki sai ya ga na ƙarshe ya sha. In aiki ya yi kyau ya ce su Gwadabe ƙanensa ne, in ya rushe ya ce shi ne bai auna daidai ba. Iyakar karatun ke nan.

Kuskurensa ɗaya a duniya, ya yarda da allo. Wata shekara manya suka zo da motoci suka kafa ƙaton allon ƙarfe a bakin kwazazzabon, wai za a yi gada, kar kowa ya sake taɓa wurin. Mato ya ce tunda na gaba sun karɓa, a bar musu. Ya jingine garma. Damina ta ci wurin, ta sake ci. Bara, cikin watan Agusta, ciwon ciki ya kayar da shi da rana tsaka, ruwa ya cika mashigi, acaɓa ba ya wucewa. A kan ƙyaure aka ɗauke shi aka zaga ta gonaki. Ba a kai Kibiya da shi ba. Kwana ya ƙare, na sani. Amma allon yana nan a tsaye, ko tsatsa bai yi ba.

Yanzu kuma 'yata Bilkisu tana da ciki, watan haihuwarta Agusta ne. Ƙyauren nan ba zan sake ganin an cire shi ba.

Da na dawo daga Rano ban ko cire mayafi ba na sayi goro na bi gidaje. Gwadabe, ƙanen Mato, ya sosa ƙeya. "Yaya Tani, allon nan fa ya ce kar a taɓa."

Na ce, "In Bilkisu ta fara naƙuda sai ka kira allon ya ɗauke ta."

Ranar Asabar na riga kowa zuwa, na kafa garmar Mato inda ƙasa ta fi tauri. Malam Mika'ilu mai shayi ya leƙo ya ce, "Ikon Allah, mace da garma?" Na ce garmar ba ta tambaye ni ba. Sara uku na yi bayana ya ce bai san zancen ba, amma kafin in miƙe Gwadabe ya fizge ta, maza sun cika ramin. Fura ta iso da hantsi. Ni na sha ƙarshe, na juya baya don kar su ga idona.

Wajen azahar aka rasa abin da zai tare buhuna daga gefen da ruwa ke bugu. Sai duk muka ɗaga kai a tare muka dubi allon. Allah ya saka wa kwamiti da alheri, ƙarfe mai kauri suka saya.

Shekaranjiya mota ta tsallaka mashiginmu, karo na farko cikin shekara uku. Su Alhaji Za-A-Duba ne, sun ji labari sun zo da mai hoto don a ɗauke su da aikin da suka kammala. Ya fito yana waige-waige.

"Hajiya, ina allonmu?"

Na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, a kansa kake tsaye. Yau shekara uku, sai yanzu ya kama aiki."